KUNNE DA BATIR: ABIN DA KIƊA ZAI KOYA MANA GAME DA MOTAR LANTARKI



Tun ranar da aka manna sanarwar wannan lacca a ƙofar ɗakin cin abinci labari ya iske ni cewa waɗansu sun tsaya suna dariya, suna cewa lalle mai buga sanarwar ne ya rikice ya haɗa kanun laccoci biyu wuri guda. Me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mai sauraron Shata da batirin motar lantarki? To, ina tabbatar muku ba a yi kuskure ba, ni na ba da kanun haka. Abin da nake so in nuna muku a yammacin nan shi ne, irin batirin da zai ci kasuwar duniya nan gaba ba masana kimiyya kaɗai ne za su yanke hukuncinsa ba. Sha'awar masu saye tana da babban kaso a ciki, kuma ita sha'awa rainonta ake yi kamar yadda ake rainon kunne a kan kiɗa. Wanda ya fahimci yadda kunnensa ya koyi son abin da yake so, ba zai sha wahalar fahimtar kasuwar batir ba.

Bari mu fara daga gida. Waɗanda suka kai shekaruna a cikin ɗakin nan za su tuna lokacin da rediyon maigida ke cin manyan batura huɗu, irin masu kan damisa. Idan suka fara sanyi sai ka ji muryar mawaƙi a rikoda tana ja kamar ta mai gyangyaɗi. Sai a cire su a shanya a rana, wani ma har ya ɗan daddatsa su da haƙori, wai ko za su ƙara kwana biyu. Ba a mayar da kaset baya da injin rikoda, da biro ake juya shi, don kada a ɓarnatar da wuta. A gidanmu doka ce: labarun safe, labarun dare, sai kuma zaɓi-sonka na gidan rediyon Kaduna in batir ya yarda. Ashe kuwa tun a wancan zamani batir ne mai tace abin da kunnenmu zai ji.

Ku dubi kuma abin da ya yi wa kiɗan kansa. Kafin zuwan ƙaramin rediyo, wanda ke son jin Narambaɗa sai ya je inda ake yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗa. Manomin Gaya ko na Maraɗi sai dai ya ji labari. Da rediyo mai batir ya shiga ƙauye, sa'an nan kaset ya biyo baya, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, sai kiɗan fada ya fito daga fada, Ɗanƙwairo ya shiga shagon tela, Shata ya hau motar haya. Ta wannan ƙofa ɗin dai waƙoƙin Indiya da na Sudan suka shigo suka zauna. Daga baya, a shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, mutum ɗaya ya riƙa fitar da sautin makaɗa goma da yatsunsa, har aka sami samarin da suka tashi kunnensu bai saba da kalangu na fata ba, in sun ji shi sai su ce kiɗan tsofaffi ne. Ba na zargin kowa. Ina dai nuna muku cewa abin da kowannenmu ke kira "ra'ayina" yawanci wata na'ura ce ta kawo masa shi har gida, ya saba, ya ɗauka da shi aka haife shi.

Yanzu sai mu ƙetare teku zuwa Amurka, wurin wani mutum da ya riƙe kiɗa a hannun dama, batir a hannun hagu, kuma duka biyu suka ba shi kunya ta hanya iri ɗaya. Sunansa Thomas Edison. A 1877 ya ƙago na'urar farko mai ɗaukar murya ta maimaita, wato kakar garmaho. Bayan shekaru, a 1912, kamfaninsa ya fito da wani faifai mai kauri wanda ake karantawa da allurar lu'ulu'u, kuma masana da yawa sun yarda sautinsa ya fi na abokan gasarsa tsabta. Har taro kamfanin ya riƙa shiryawa a manyan zauruka, a tsai da mawaƙi kusa da na'urar, a kashe fitilu, a ce jama'a su bambance muryar mutum da ta faifai.

To, ina matsalar? Edison ya ce shi da kansa zai zaɓi waƙar da za a ɗauka da mawaƙin da zai rera ta. Alhali kuwa mutumin nan tun yana yaro kunnensa ya yi nauyi ƙwarai, har takan kai shi ga cizon katakon na'urar domin sauti ya ratsa ta haƙoransa. Yana son tsofaffin waƙoƙi masu sauƙi, ba ya son kiɗan jaz da samarin zamanin ke rububi, ba ya son mawaƙi mai karkarwar murya. Da fari ma ko sunan mawaƙi ba a bugawa a jikin faifan, don a ganinsa ingancin sauti ake saye, ba suna ba. Shahararren makaɗin fiyano ɗan Rasha, Rachmaninoff, ya yi masa ɗauka a 1919, ba su daidaita ba, ya koma kamfanin Victor. Shi kuwa Victor tun 1904 ya kama Caruso, mawaƙin da duniya ke so, ya yi ta tara irinsa. Bugu da ƙari, faifan Edison ba ya kaɗuwa a garmahon kowa sai nasa. A ƙarshen 1929 ya rufe sana'ar faifai ɗungurungum. Na'urarsa ta fi kyau, amma jama'a ba na'ura suke saurare ba.

Labarin batirinsa ma haka ya tafi. Kila waɗansunku za su yi mamaki in na ce a wajen 1900 kusan sulusin motocin Amurka na lantarki ne. Ba su da hayaƙi, ba su da ƙara, ba sai an murɗa hannu an tayar da su ba. Edison ya shafe kusan shekara goma yana gyaran wani batir na nikel da ƙarfe domin su, kuma ya sami abu mai ƙarko wanda kan yi shekaru da dama yana aiki. Amma kafin ya gama, Henry Ford ya fito da motarsa mai araha a 1908, a 1912 aka sa wa motar fetur makunni na lantarki, wahalar murɗa hannu ta ƙare, ga man fetur ya yi arha. Motar lantarki ta ninka ta Ford kuɗi kusan sau uku. Sa'an nan ga wani abu da littattafan injiniya ba su cika faɗa ba: masu talla sun riƙa sayar da motar lantarki a matsayin motar matan attajirai, ta zuwa ziyara cikin gari. Matar Ford kanta irinta take hawa. Namiji kuwa yana son ruri da gudu da tafiya mai nisa a kan hanyar daji. Sha'awa ta karkata, kuɗin bincike suka bi ta, batirin Edison ya koma fitilun masu haƙar ma'adinai da alamun jirgin ƙasa. Aka yi kusan shekara tamanin motar lantarki tana barci.

Abin ban sha'awa, ta ƙofar kayan nishaɗi ta farka. Bayan rikicin man fetur na 1973, wani masani mai suna Stanley Whittingham ya yi batirin litiyam a ɗakin binciken kamfanin mai na Exxon, amma yana yawan kamawa da wuta, da farashin mai ya sauka kuma sai aka jingine aikin. A 1980 John Goodenough a Jami'ar Oxford ya gano cewa haɗin litiyam da kobal yana ba da wuta mai ƙarfi, a 1985 Akira Yoshino a Japan ya sami hanyar da za a yi abin ba tare da hatsari mai yawa ba. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 2019, Goodenough yana da shekara 97. Amma wa ya fara kai shi kasuwa? Ba kamfanin mota ba ne. Sony ne, a 1991, kamfanin nan da ya fito da Walkman a 1979 ya koya wa duniya yawo da kiɗa a kunne. Masu saye suna son kyamarar bidiyo da wayar hannu da kwamfuta marasa nauyi, su suka biya kuɗin gina masana'antu da rage farashi har shekara goma sha bakwai. Da kamfanin Tesla ya fitar da motarsa ta farko a 2008, ƙananan batura 6,831 irin na kwamfutar cinya ya jera a cikinta. Kamfanin BYD na ƙasar Sin ma da batirin waya ya fara a 1995, kafin ya taɓa ƙera mota. Saboda haka duk wanda ya taɓa cika wayarsa da waƙoƙi a wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa, ya sa nasa kwabon a cikin asusun motar lantarki bai sani ba.

Domin mu fahimci inda aka dosa, sai na ɗan yi muku lissafi, 'yan sashen adabi ku yi haƙuri. Ana auna cikin batir da yunit, irin yunit ɗin da mitar gidanku ke ƙirgawa, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Matsakaiciyar mota takan ci yunit 15 ko kusa da haka a tafiyar kilomita 100. Ke nan daga Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, yunit 35 ne. A 2010 kuɗin batir na yunit ɗaya ya haura dala 1,000. A 2024, bisa ƙididdigar BloombergNEF, ya sauko zuwa dala 115. Batir mai yunit 60 da a da zai ci fiye da dala 60,000 ya dawo ƙasa da dala 7,000. Wannan faɗuwar ce ta sa a 2024 aka sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a duniya, wato sama da ɗaya cikin kowace mota biyar sabuwa, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin.

Batiran da ke cikin waɗannan motoci gida biyu ne manya. Gidan farko shi ne mai nikel da manganis da kobal, wanda ake taƙaita sunansa da NMC. Yana ɗaukar wuta da yawa a ƙaramin jiki, don haka motarsa takan yi nisa kafin ta nemi caji. Amma yana da tsada, ba ya son zafi, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoto a 2016 cewa har yara ƙanana na aiki a ramukan haƙarsa. Gida na biyu shi ne mai ƙarfe da fosfet, LFP, wanda ya fito daga ɗakin binciken Goodenough a Texas a wajen 1997. Ya fi nauyi, tafiyarsa ba ta kai ta na farko ba, amma ba ya bukatar kobal ko nikel, ya fi arha, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma yana jure caji sau dubbai. Shekaru da yawa kamfanonin Turai da Amurka suna yi masa kallon batirin talaka. Sinawa suka rungume shi suka yi ta gyara, BYD ya fito da wani sabon tsarinsa a 2020, kafin 2024 ta ƙare ya kama kusan rabin kasuwar batirin mota ta duniya, har Tesla da Ford suka dawo suna sa shi a waɗansu motocinsu.

Akwai kuma waɗanda ke tafe. Ɗaya shi ne batirin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, wanda babu ƙasar da za ta yi wa wata rowarsa. Kamfanin CATL ya nuna nasa a 2021, kuma a farkon 2024 ƙananan motoci masu irinsa suka fara fita a Sin. Ɗayan kuwa shi ne wanda aka cire ruwan cikinsa aka sa daskararren abu, ana fatan ya ɗauki wuta mai yawa ba tare da hatsarin gobara ba. Toyota ya yi alkawarin fito da shi tsakanin 2027 da 2028, amma an sha ɗaga irin wannan alkawari, kuma ƙera guda ɗari a ɗakin bincike daban, ƙera miliyan a farashin da direban tasi zai iya biya daban.

Wanne zai yi nasara? A nan ne maganar sha'awa ta dawo. Yawancin masu mota a duniya ba sa yin kilomita 60 a yini, amma mai saye a Amurka yana son motar da za ta yi 500 ba tsayawa, kuma yana son ta ƙatuwa. Ku ɗauki Hummer ta lantarki da General Motors ya fitar: batirinta kaɗai ya kai kilo 1,300, nauyin wata ƙaramar mota sukutum, cikinsa ya haura yunit 200. A Indiya kuwa keke mai ƙafa uku na lantarki, irin namu na A Daidaita Sahu, batirinsa bai cika kai yunit 10 ba, kuma a 2024 fiye da rabin irin waɗannan kekuna da aka sayar a can na lantarki ne. Ke nan ma'adinin da zai ɗauki attajiri guda zuwa kanti zai iya ɗaukar kekuna fiye da ashirin, kowanne yana ciyar da gida. Kimiyyar ɗaya ce, abin da aka ga ya dace a yi da ita ne ya bambanta.

Duk sa'ad da na yi wannan tunani sai marigayi Ɗan Maraya Jos ya faɗo mini a rai. Kuntiginsa gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya tak. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talakawa da masu ƙananan sana'o'i, ya zaga ƙasashen duniya, har ya rasu a 2015 ba a ce kayan kiɗansa sun gaza ba. Sarki yana da tambura da kakaki da algaita, kuma sun dace da ƙofar fada. Amma wanda zai shiga lungu ya yi wa mutane magana, abin da zai rataya a kafaɗa yake bukata. Ra'ayina, kuma na san akwai injiniyoyi a nan da za su ja da ni, shi ne batirin da zai amfani ƙasarmu a shekaru ashirin masu zuwa ɗan gidan kuntigi ne: ƙarami, mai arha, mai jure wahala, a cikin babur da keke da ƙaramar bas, wanda in ya ƙare za a tsaya a cire a sa cikakke cikin minti biyu, kamar yadda kamfanonin babura suka fara yi a Ruwanda da Kenya da Benin da Togo.

Ina da dalilai. Na farko zafi. Babban aibin LFP a Turai shi ne sanyi yana rage masa ƙarfi. Mu kuwa ina muka ga ƙanƙara? Abokin gabarmu shi ne watan Afrilu a Sakkwato da Maiduguri, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kuma zafi yana tsofar da batir da wuri. Masu Nissan Leaf na farko a jihar Arizona ta Amurka sun koka da haka a 2012, domin batirin motar ba shi da na'urar sanyaya shi. Na biyu wuta. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 da ta daɗe tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, wadda a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohinta na Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, ba ta da halin ɗura yunit 200 a cikin motar mutum ɗaya. Amma rumfa mai faifan hasken rana tana iya cika ƙananan batura da rana, a musanya su da dare. Na uku aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗan acaɓa da mai keke su suka fi kowa sanin abin da lita take ci daga cinikin yini. Su ba sai an yi musu lacca ba, lissafi kaɗai za a nuna musu.

Yanzu zan juyo gare ku, ma'aikata, da ku ɗalibai da gobe za ku zauna a kujerunsu. Kada wani ya ce gwamnati ba ta da hannu a sha'awar jama'a. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, gwamnatin soja ta wancan lokaci kuma ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. Kafin a jima ta zama motar kowa: ta ɗan kasuwa, ta tasha, ta kai amarya, kowane makaniki ya san cikinta, kayanta har ƙauye. Da manya suka koma hawa jibga-jibgan jif-jif, sai idon yaro ma ya koma can. Ranar da ma'aikatarku za ta sayi motar lantarki, wani daga cikinku ne zai rubuta takardar bayanin irin wadda ake so, kuma abin da ya rubuta shi 'yan kasuwa za su yi odarsa, shi makanikai za su koya. Ba mu rasa masu ilmin abin ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, yana da babban hannu a zanen Chevrolet Volt a Amurka, ya shugabanci hukumar tsara motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, kuma a zamaninsa aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri ma samari sun cire injin fetur daga ƙananan bas sun sa na lantarki.

Hatsarin da na fi jin tsoro shi ne na gwanjo. Yawancin motocinmu na hannu ne, kuma motar fetur in ta tsufa makaniki yakan ji ta da kunne, ya leƙa hayaƙinta, ya gaya maka gaskiya. Batir kuwa ba ya tari. Mota tana iya zuwa da fenti yana walƙiya alhali sulusin ƙarfin batirinta ya tafi, kuma kuɗin sabo ya fi kuɗin motar. Tarayyar Turai ta yi doka cewa daga Fabrairun 2027 kowane batirin mota sai ya zo da takardar shaidarsa ta lantarki mai nuna asalinsa da lafiyarsa. Me zai hana jami'in kwastan namu ya nemi irinta a tashar jirgin ruwa? Sa'an nan ku tuna da faifan Edison da ba ya kaɗuwa a garmahon kowa. Bakin caji na Japan daban, na Turai daban, na Sin daban, na Amurka daban, mu kuwa daga duk wuraren nan huɗu muke sayo mota. In ba a zauna an zaɓi guda ba, za a gina tashoshi da kuɗin jama'a waɗanda rabin motocin gari ba za su iya sha daga gare su ba.

Ga kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu. An sami litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kwara da waɗansu jihohi, a watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar tace duwatsunsa a Jihar Nasarawa, a ƙarshen shekarar kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara suna aiki a haramtattun ramuka a jihar. Wanda ya san Jos ya san tafkunan da haƙar kuza ta bari, kuma ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara. Indunisiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyam a ƙarshen 2022, domin a tilasta yin aikin a gida. Amma kada mu ɗauka mun tsinci dami a kala: farashin litiyam ya faɗi da kusan kashi 80 cikin ɗari tsakanin ƙarshen 2022 da 2024, in kuma batirin sodiyam ya kankama zai rage masa daraja. Wanda zai sa hannu a yarjejeniyar shekara talatin ya kamata ya san kiɗan na iya canzawa.

Batirin da ya gaji a mota bai mutu ba. Mu mun riga kowa sanin wannan, domin da tsohon batirin mota aka yi ta kunna lasifika a bukukuwan ƙauye da majigin bidiyo. Na lantarki in ya sauko zuwa kashi 70 ko 80 na ƙarfinsa yakan yi wa mota kaɗan, amma ya ishi asibitin karkara ko makaranta ajiye hasken rana shekaru. Filin wasa na Johan Cruyff a Amsterdam ya haɗa batiran Nissan Leaf ya yi rumbun wuta a 2018, ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna Coldplay kuma ta yi yawon wasanninta na 2022 da rumbun da aka haɗa daga batiran BMW i3. Wannan sana'a ce da ɗan sashen lantarki zai iya farawa da ɗaki ɗaya da na'urar awo, in har akwai dokar da ta ce ga inda gawar batir za ta tafi bayan aikinsa na biyu.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne inda kiɗa da mota suka haɗu ido da ido. Motar lantarki ba ta da ruri. A tafiyar sannu ba ka jin zuwanta sai ta iso, wannan kuwa hatsari ne ga yara da tsofaffi, balle makafi da kunne ne idonsu a kan titi. Saboda haka Tarayyar Turai ta wajabta, daga 2019 ga sababbin samfura, daga 2021 ga kowace sabuwar mota, cewa sai ta riƙa fitar da sauti in tana tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 a awa ba, kuma sautin ya riƙa hawa da sauka gwargwadon gudunta. Ke nan a karo na farko muryar mota ta zama abin da mutum zai zauna ya tsara. BMW ya ɗauko Hans Zimmer, wanda ya yi kiɗan fim ɗin The Lion King, a 2019 domin wannan aiki. Dodge kuwa, da ya san mutanensa, ya nuna wata motar lantarki a 2022 mai bututun da ke kwaikwayon rurin injin fetur da ƙarfin da zai toshe kunne. Kada mu yi musu dariya, mu da samarinmu ke fasa salansar babur don a san sun wuce, direbobin manyan motocinmu kuma ke sa oda mai waƙa.

Ku yi tunanin Kano ko Zariya ranar da dubban kekuna za su daina ruri. Wani sauti zai maye gurbin wannan, kuma a yadda ake tafiya a cikin akwati zai zo daga Sin ko Indiya, wanda ya tsara shi bai taɓa tsallaka titin Ƙofar Wambai ranar kasuwa ba. Alhali muna da kayan kiɗan da aikinsa ke nan tun fil azal: kalangu, wanda in an matsa tsirkiyarsa murya ta hau, in an saki ta sauka, kuma kunnen Bahaushe yana tsinto shi daga cikin kowace irin hayaniya. Tsakanin sashen injiniyan lantarki da sashen Hausa na wannan jami'a tafiyar minti biyar ce a ƙafa, kuma ina ganin ɗalibi guda daga kowane ɓangare, da makaɗi ɗaya, da 'yan'uwanmu makafi su zama alƙalan gwaji, sun isa aikin kammala digiri.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu.